Ɓarawon Muciya

Abuja,
14 ga Agusta.

Zuwa ga Gwaggo Basira, Dutsen Kura, Minna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni ce Farida, 'yar marigayi Alhaji Yunusa Mai Doya. Na rubuto takarda ne domin an ce kunnenki ba ya ɗaukar waya, maganar kuma ba ta saƙon baki ba ce. Sheshi direba zai kawo miki, shi ne kuma zai karɓo amsa.

Gwaggo, ranar da aka fito da gawar Baba daga gidanmu na Ketaren Gwari, kin tsaya a bakin zaure, gaban manyan baƙi da 'yan kasuwa, kin ɗaga murya kin ce masa ɓarawo. Ni na sa mata suka fitar da ke, ba na kuma ɓoye wannan. Abin da ba ki sani ba shi ne, wani ya ɗauke ki a waya. Yanzu hoton yana yawo hannu-hannu, an rubuta a ƙasansa cewa 'yar'uwarsa ma ta shaida.

Kin san Baba ya yi kansila sau biyu, ya kuma shugabanci kwamitin rabon rumfunan kasuwa. Waɗanda ya hana rumfa biyu-biyu ba su taɓa yafe masa ba, amma yana da rai ba su sami abin kamawa ba. Ya mutu ba shi da rumfa sai wadda ya fara da ita. Rijiyoyin burtsatse da ya haƙa suna nan, ɗakin haihuwar da ya gina a ƙauyenku yana nan. Yau duk an manta, sai kalmarki ɗaya. Ƙungiyar 'yan doya ta shirya sa sunansa a sabon zaurenta ranar addu'ar arba'in, jiya aka kira ni aka ce wasu sun ce a dakata.

Ba gardama nake nema ba. Ina roƙon ki zo ranar arba'in ki tsaya gaban mutane ki janye maganar nan. Idan kuma akwai abin da Baba ya ɗaukar miki da gaske, ki faɗa mini, zan mayar.

Na bar ki lafiya.
Farida Yunusa.

*

Dutsen Kura,
yau Lahadi.

Zuwa ga 'yata Farida,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ke, ina gaida maigidanki da yara. Ina gaida uwarki Hajiya Kafayatu, ya takaba? Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Margaret ce ke rubutawa, maƙwabciyata, wadda ta yi koyarwa har ta gaji ta ajiye. Ni baki kawai na kawo. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara min magana.

An karanta min takardarki sau biyu. Kin ce ni ce Farida 'yar wane, kamar ban san ki ba. Ni na yi miki wankan farko, kina ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa. To babu komai. Fitar da ni da kika sa aka yi ma babu komai, da ni ce ke haka zan yi.

Bari in gaya miki abin da ba a koya muku a makarantar kwana ba. Ubana da uwar Inusa, wato ubanki, ciki ɗaya suka fito. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, kin ga kuwa taubasai ke nan. Taubashi ba a gaishe shi da ina kwana, da zagi ake gaishe shi. Ni ina ce masa bawana, tunda ɗan mace ne. Shi ya ce ƙarya nake, ba a taɓa bawa mai babbar riga da uwargijiya mai warin daddawa ba. Shekara saba'in muna wannan shari'a, ba a yanke ba.

A Kuta muka tashi gida ɗaya, na girme shi da damina huɗu. Na san shi tun yana yawo ba wando, cikinsa gaba kamar tulu. Ranar kasuwa shi ke ɗora doya a mota, yana jera ta kai da gindi don kada ta ƙuje, har direbobi suna faɗa a kansa. Nan ya koyi doya. In ya ɗaga guda ya ƙwanƙwasa da yatsa zai gaya miki ko ta fara ruɓa a ciki. Da ya zo Minna da tabarma ɗaya ya zo, a rumfar wani Banufe, tsoho Ndatsu, yake kwana. Wannan Alhajin da kuka sani mai mota, ni na ga ranar da ya fara sa takalmi, ya cire ya riƙe a hannu don kada ya ƙare.

Da aka ba shi kansila na je har gida na ce yau gari ya lalace, an ba bawa sanda. Ya ce in yi shiru ko ya sa a kama ni da laifin ɓata iskar unguwa. Amma damina tana zuwa sai ga shi cikin lambatu, ya naɗe wando har gwiwa, yana kwasar shara tare da leburori. Mutane suna ta mamaki. Ni ban yi mamaki ba, na ce masa dama can ne wurinsa.

Ke kin ce in akwai abin da ya ɗauka za ki mayar. Farida, ubanki bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Margaret, sa wannan da babban rubutu. Ko allurar gwamnati bai kai gida ba. Wanda ya ce ya ci rumfa, Allah Ya isa tsakaninsu. Kalmar da na faɗa ta wasa ce, tsakanina da shi, kuma duk tsofaffin kasuwa sun san ta, sai dai yawancinsu suna ƙasa.

Amma zuwa in tsaya gaban lasifika, wannan kam ki yafe min. Ba zan iya ba. In na tsaya na ce wasa ne, wani zai tambaye ni, to me ya sata da ake masa wasan? Ni kuwa na tsufa da ƙarya, ƙafata ɗaya tana rami. Ke ki rubuta a wayar taku cewa taubashiyarsa ce, wasa take. Ai ya isa.

Wani abu kuma. In za ki aiko da takarda, ki ce wa Sheshi ya miƙa a gidan Margaret, kada ya bayar a shagon walda. Kamalu autana shi ke wurin, ba na so ta bi ta hannunsa.

Allah Ya jiƙan Inusa, Ya sa ya huta. Ki shafa min kan yara.

Ni ce gwaggonki,
Basira.

*

Abuja,
27 ga Agusta.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya. Ki gaida Malama Margaret, na gode mata da wahala.

Na yi yadda kika ce. Na rubuta cewa ke taubashiyarsa ce, wasa kike. Abin ya ƙara muni. Wasu sun ce ba a wasa a kan makara. Wasu sun ce ai a cikin wasa ake faɗin gaskiya. Wani ya ce tsohuwa tana kuka tana faɗa, wannan ba fuskar mai wasa ba ce. Na sake kallon hoton, kuma Gwaggo, gaskiyarsa. Ranar ban lura ba saboda fushi. Kuka kike yi.

Na je Minna ranar Asabar domin a duba kayan rumfa. A bayan rumfar akwai wani ƙaramin ɗaki da ban taɓa shiga ba, makullinsa yana cikin aljihun rigar da Baba ya sa ta ƙarshe. Na ɗauka takardu ne. Da na buɗe sai na ga tarkace. Takalma wari-wari, babu mai ɗan'uwa. Ludaya, faifai, tsofaffin huluna, buta mai huji, sandar makiyayi, ƙota ba ruwan fartanya, gilashin ido mai ƙafa ɗaya. Muciya kaɗai na ga sun fi goma. Ba a watse suke ba, an jera su a kan katako, an share ƙasan.

Na tambayi Mama. Ta ce ita shekara arba'in tana ganin yana shigowa da irin waɗannan a ƙarƙashin riga, ta taɓa tambaya sau ɗaya ya ce kayan aiki ne. Ta ce in tambaye ki.

Gwaggo, ina jin tsoro. Na karanta cewa akwai ciwon da ke sa mutum ɗaukar kayan mutane ba don yana buƙata ba. Shin abin da Baba yake da shi ke nan, kuka rufa masa? Ko wani abu ne na tsafi, kamar yadda wanda ya taya ni buɗe ɗakin ya fara gunaguni? Na sa ya rantse ba zai faɗa ba, amma kin san bakin kasuwa. Idan wannan ya fita a kan na farko, sunan Baba ya gama.

Ba umarni nake ba ki ba wannan karon. Ubana ne, ina so in san wanda na binne. Saura kwana goma sha biyar arba'in.

'Yarki,
Farida.

*

Dutsen Kura,
yau Litinin.

'Yata Farida,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Takardarki ta zo tun Alhamis, na ce wa Margaret ta ajiye, sai yau na iya. Ta rufe ƙofarta, ta kori jikokinta, mu biyu ne. Ita ma yau za ta fara ji, shekara talatin muna katanga ɗaya.

Ubanki ba shi da ciwo, ba shi da tsafi. Wanda ya yi gunagunin nan ki ce masa ya wanke bakinsa.

Shekarar da ake layin sabulu da madara, uban su Kamalu ya rasu. Lebura ne a reluwe, bai bar komai ba sai ni da yara huɗu, Kamalu yana goye. Dangin mijina suka ce in raba yaran, kowa ya ɗauki ɗaya, in ba haka ba wata uku za a gan ni ina bara a bakin masallaci. Na ce ko ɗaya ba zan bayar ba, baran kuma su zuba ido. Na fita takaba, ina da tukunya, ina da hannu, amma ba kalwar da zan dafa daddawa. Mai daddawa ba kalwa ai zaman banza take.

Sai ga mai kura ya tsaya a ƙofar gida da buhun dawa, da rana tsaka, duk unguwa tana kallo, ya ce Alhaji Yunusa ya ce a kawo. Ƙanwar mijina tana zaune. Na ga yadda ta taɓe baki. Na ce a mayar masa, a ce Basira ba ta fara bara ba tukuna. Ranar ƙanzo muka jiƙa muka ci.

Bayan kwana bakwai ya zo da kansa, hannu rabbana. Ya zauna a kan turmi, ya ce gidana wari, ya ce tuwona ko akuya ba za ta ci ba, ya tashi ya tafi. Na zo tuƙa ɗan garin da na samu, ba muciya. Yara suka ce Kawu ya sa a riga. Farida, raina ya ɓaci ba na wasa ba. Ina cikin wannan hali mutum ya zo ya ɗauke min muciya? Na ɗaura zane na bi shi har kasuwa da ƙafa, Kamalu a baya. Tun daga bakin layin 'yan doya nake ihu ɓarawo, ɓarawo. Mutane suka taru.

Ya fito ya ɗaga hannu sama, ya ce, "An kama ni. Baba Ndatsu, kai ne babba, yanke min tara."

Tsoho Ndatsu ya gyara zama kamar alƙali, ya ce satar muciya a gidan uwargijiya ba ƙaramin laifi ba ne, buhun kalwa da rabin buhun dawa. Inusa ya yi ta rantse-rantse an zalunce shi, yana cewa muciyar ma ta karkace. Kasuwa ta ɗauka da dariya. Na ce a ƙara doya biyar saboda tafiyar da na yi. Aka ƙara. Na taho gida ina taƙama, na ci bawana da shari'a. Na ce ya ba ni muciyata, ya ce an riga an biya, ta zama tasa.

Wallahi ban gane ba. Na biyu ma da ya ɗauke ludayi ban gane ba. Sai a na uku, ina tafe bayan mai kura, na tuna jiya kalwata ta ƙare, kuma wancan karon ma ranar da ta ƙare ya zo. Ashe in ya shigo yana zagin gidana, idonsa yana cikin kwando. Na tsaya a bakin titi na yi kuka. Na ce gobe zan mayar. Na dubi yara, ban mayar ba.

Daga nan ba mu ƙara yi a gaban mutane sosai ba. Ya ɗauka, in yi masa ihu har ƙofar gida, washegari in ce wa yara na tafi kasuwa sayayya. In je ta bayan rumfa, in tarar an riga an ɗaure min kayan tara. Ya san na gane. Na san ya san na gane. Har ya koma ga Allah, ko sau ɗaya bai ce ga shi na ba ki ba, ni kuma ko sau ɗaya ban ce na gode ba. In na ce, na ɓata masa aiki.

Sauran kayan ɗakin ba nawa ba ne. Da ya ga dabara ta ci, sai ya maida ta sana'a. Duk wanda ya ga ya shiga wani hali, kuma irin mutanen nan ne da gara su mutu da su miƙa hannu, sai ya nemo wasa tsakaninsu. In Banufe ne, ranar shi Bakatsine ne. In Bafulatani ne da shanunsa suka mutu, ranar kakarsa Babarbariya ce. In Bagwari ne, Margaret ta ce in ce Gbagyi, to Gbagyi, sai ya ce shi jikansu ne tunda a Kuta aka binne cibiyarsa, jika kuwa yana da ikon ɗauke hular kakansa. Mutum ɗaya, asali goma. Na san masu wasu kayan. Ba zan faɗa ba.

Yanzu kin ga dalilin da ya sa na ƙi lasifika. 'Ya'yana sun tashi suna cewa uwarsu da daddawa ta raine su, ba su taɓa cin na kowa ba. Kamalu ya fi kowa. Da wannan maganar yake tsayawa gaban maza, da ita ya nemi aure, ita yake gaya wa 'ya'yansa. Kuma ya tsani ubanki tun yana ƙarami. A ganinsa mai kuɗi ne da ba ya taimakon kowa nasa, sai ya zo ya zagi uwarsa ya kwashe mata ɗan abin da take da shi. In Inusa ya shigo, Kamalu fita yake. Inusa ya hana ni in gyara, ya ce bar yaro da girmansa. Ranar da hoton nan ya fito, Kamalu ya shigo yana murmushi, ya ce Inna yau kin faɗi gaskiya. Na ji kamar an zuba min tafasasshen ruwa. In na tsaya gaban mutane na wanke ubanki, na tuɓe wa ɗana riga a kasuwa. Ni ma tawa ta tafi, amma tawa ta tsufa.

Saura ɗaya, kukan da kika gani.

Wata biyu kafin ya rasu ya zo. Ƙafafu sun kumbura, direba ne ya riƙo shi har tsakar gida. Ni na daina daddawa tuni, Kamalu ke ciyar da ni, ba abin da na rasa. Ya zauna yana haki, ko zagin bai iya ƙarasawa ba. Na ga yana dube-dube, ba abin da hannunsa zai kai. Sai na tura faifai kusa da shi da ƙafa, na juya baya kamar ina gyara wuta. Da na waigo faifai ya shige riga. Ya miƙe da ƙyar, ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Basira, yau ba za a yi min ihu ba?"

Na buɗe baki. Na ga wuyansa ya zama kamar na kaza cikin rigar. Na kasa. Ya jira, ya jira, ya ce to uwargijiya ta tsufa, ya tafi. Ban je kasuwa washegari ba. Na ce sai ya ji sauƙi.

Ranar da na ga an fito da shi a makara za a wuce da shi ta gabana, ban ga baƙi ba, ban ga masu waya ba. Ihun nan da na hana shi ne ya fito da kansa. Har na tsaya ina jira ya amsa.

Kin ce kina so ki san wanda kika binne. Shi ke nan. Ki karanta ki ƙona, don Allah. Margaret ta ce hannunta ya gaji, ni na san ba hannu ba ne.

Allah Ya yi miki albarka.

Gwaggonki,
Basira.

*

Abuja,
5 ga Satumba.

Gwaggona,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na durƙusa, ki yafe mini abin da na sa aka yi miki a ƙofar gidan ɗan'uwanki.

Na karanta, na ƙona kamar yadda kika ce. Ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Na sa an canza kwaɗon ɗakin.

Na janye roƙona. Kada ki zo lasifika. Na kira shugaban ƙungiya na ce su sa wa zaurensu sunan da suka ga dama. Baba ya yarda ɗanki ya tsane shi shekara arba'in don kada ya sani, ba ni ce zan rushe wannan saboda allo a jikin gini ba. Masu magana su yi ta yi. Yana min ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Jiya 'yata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko da gaske kakanta ɓarawo ne, na ce a'a, ta ce to me ya sa ba wanda ya fito ya faɗa. Za ta girma ta manta.

Ki zo addu'a kawai, ki zauna kusa da Mama a ciki. Zan aiko Sheshi ya ɗauko ki.

'Yarki,
Farida.

*

Dutsen Kura,
yau Talata.

Farida,

Sallama. Na yafe, dama ban riƙe ba.

Yarinya ba za ta manta ba. Kamalu ma yaro ne da ya fara tsanar ubanki, ga shi da furfura bai manta ba. Na bar guda ya tashi da ƙaryar nan saboda Inusa ya roƙe ni, ba zan bar jikarsa ta zama ta biyu ba. Shi ya rufa min yana da baki. Yanzu ba shi da shi.

Jiya bayan la'asar na kira Kamalu, Margaret tana zaune, na gaya masa tun daga muciya. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya, ko har da doyar da muke ci da sallah. Na ce har da ita. Ya ce shi ma ya tura hoton nan wa mutane da yawa. Ya tashi ya fita. Yau bai buɗe shago ba, matarsa ta ce bai ci komai ba.

Ki ce wa masu ƙungiya su tanadi lasifika. Ki shimfiɗa min tabarma a waje, gaba, ba ciki ba. Nawa kaɗai zan faɗa. Kayan sauran mutane ki bar su a kulle, kada ki mayar wa kowa, kowa ya san takalminsa.

Kada ki wahalar da Sheshi. Ɗazu Kamalu ya leƙo daga bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce shi zai kawo ni a mashin ɗinsa. Ya ce kuma in roƙe ki a samo wanda zai nuna masa kabarin, don ranar bai bi gawa ba.

Sai mun zo.

Basira.